Launin Ƙasarmu

Ina aji biyar idon Kaka ya fara mutuwa. Likita ya ce ciwon sukari ne, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce a haɗa mata bargo kafin duhun ya gama rufewa, ta gan shi da idonta.

Atamfofin suna cikin akwatinta tuni. Sababbi ne, amma zanen na da ne, irin wanda mahaifiyarta ta ɗauro lokacin da suka taso daga ƙasar Hausa, Kaka tana 'yar mitsitsiya. Wata 'yar Chadi mai yawo da kaya gida-gida ta kawo su, ta ce an sake buga tsofaffin zane. Akwai mai tsuntsaye, akwai mai ganye, da wata shuɗiya mai ƙananan fitilu. Umma ta yayyanka su ƙyalle-ƙyalle. Saura yadin da za a jera su a kai, wanda zai riƙa leƙowa tsakaninsu.

Umma ta ce a sa fari. Kaka ta ce farin yadi ɗaya ya rage mata a duniya, kuma ba na bargo ba ne.

"Ki samo mini launin ƙasarmu," in ji ta.

Umma ta ce tayyib, wato to. A unguwar Harra ta Gabas, nan ƙasar Larabawa, aka haife ta, kamar ni. Muka je wani shago a unguwar Anbariyya bayan la'asar, ta zaɓi baƙi mai ratsin toka, sak duwatsun bayan gidanmu. A makon aka kwantar da Kaka a asibiti saboda ƙafarta. Ni nake jera ƙyallayen a ƙasa in na dawo daga madrasa, Umma tana bi da keke. Ya yi kyau ƙwarai, tsuntsayen kamar za su tashi.

Da aka sallamo Kaka, muka shimfiɗa mata shi a cinya kusa da taga. Ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe.

"Bebiyata, zo nan." Haka take kirana, don ina jin Hausa amma ba na mayarwa. "Wane launi ne wannan?"

"Aswad, ya Sitti," na ce da Larabci, wato baƙi ne, Kaka.

"Wannan ƙasarku ce. Tamu ja ce."

Umma ta tambaye ta da Larabci me ya hana ta cewa ja tun farko. Kaka ta ce ba ta san akwai wanda sai an gaya masa ba.

Umma ta ɗauki reza ta shiga farke ɗinkin. Bakin atamfar ya riƙa zarewa, wasu ƙyallayen suka ƙanƙance. Ta koma shagon ta karɓo guntayen ja iri-iri: jan barkono, jan bulo, ruwan goro. Kaka ta ce babu shi a ciki, nata jan katanga ne bayan an ɗauke ruwan sama. Duk gidan babu wanda ya taɓa ganin wannan katangar. Aka tambayi maƙwabciyarmu 'yar Sudan, ta ce su ƙasarsu ba ja ba ce.

Aka yi ta kawo guntaye. Na lura ta daina kai su wajen taga, sai murza su take yi da yatsu. Ranar nan ta ɗaga ɗaya ta ce, "Yauwa, wannan ne." Koren tsumma ne, wanda mai shago ya ɗaure guntayen da shi. Umma ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Jan bulo Umma ta saya, ta ɗinke bargon cikin kwanaki kaɗan. Kaka ta lulluɓa da shi har ƙarshen sanyin shekarar. Duk wanda ya shigo duba ta, sai ta miƙa masa gefen bargon ta tambaye shi launinsa. Wani ya ce ahmar, wato ja, wani ya ce bunni, wato ruwan ƙasa. Ta ce to, ta saki gefen, ta jira mai shigowa na gaba.