Ɓarawon datar Maman Tizhe

Jama'a, tun safe nake rubutawa ina gogewa, amma dole in faɗa. An gano ɓarawon datar maƙwabciyata!

Sati uku ke nan Maman Tizhe tana kukan datar gidanta ba ta kwana biyu. Ni da bakina na ce mata, "Allah ya tona asirinsa!"

Yau matata tana shara ta ce, "Baban Kuve, akwatin intanet ɗinka fa a cire yake, tun ranar da na sa cajin fitila." Na leƙa bayan kujera. Waya a ƙasa, har ta yi ƙura! Amma kwamfutata da ta 'yata Kuve suna aiki lafiya lau!

Na kira mai shagon da ya sayar mana. Ya fashe da dariya. "Oga, kai da Madam rana ɗaya kuka saya. Suna ɗaya da lambar sirri ɗaya na sa muku."

Yanzun nan ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa tana cewa, "Maƙwabci, ci gaba da addu'a, za mu kama shi!" Ashe ni ne ɓarawon!

Don Allah, wa ya san yadda ake canza lambar? Kuma ta ina zan fara mata bayani?