Mutumin da ya kulle kansa a waje

Kullum shi ke riga mai shara isowa asibitinmu. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, sai ya zura tsohuwar rigar sanyinsa ya shiga ɗakin manyan kwamfutoci, inda ake ajiye bayanan duk marasa lafiya. Zai tsaya ya saurari kukan fankoki, ya taɓa wayoyi, sannan ya fito ya fara amsa kira. Shi ya sa muke ce masa Baba Mai Sanyi.

"Baba, kwamfutar nan ta haɗiye min aiki!" in ji babbar nas.

"Ta haɗiye, ko ke kika ɗura mata? Kin kashe kin kunna?"

Ni direban motar kaya ne a nan. Makaranta ban yi nisa ba, aiki kuwa na canza ya fi a ƙirga, kuma duk inda na je, ogan wurin ɓoye saninsa yake yi don kada a iya aiki ba tare da shi ba. Na ɗauka haka duniya take, sai ranar da aka yi wa Baba taron sallama na ritaya.

Manaja ya tashi ya yabe shi, sannan ya ce tunda babu mai iya maye gurbinsa, za a ba wani kamfani aikin. Ma'anarsa, Auta, yarinyar da Baba ya daɗe yana koya wa aiki, ta nemi wani wurin. Na ga ta sunkuyar da kai.

Baba ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a ara min kwamfutarka."

Ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a gaban kowa. Ta ƙi buɗewa. Ya sake, ta ƙi.

"Tun kafin damina na sa Auta ta rufe min hanyar shiga," in ji shi. "Ko firinta ba ni da izinin taɓawa."

Manaja ya ce, "To ranar da tsawa ta ƙona mana na'ura fa? Da bayanan majinyata suka ɓace, wa ya dawo da su?"

Mai shara ce ta amsa daga baya. "Ai a benci ya wuni, ranka ya daɗe. Har sai da na ce ya ɗaga ƙafa in goge ƙasa."

Ni ma na gan shi ranar. Likitoci na ta kai da kawo, ana jiran sakamakon gwajin wani yaro kafin a shiga da shi tiyata, Baba kuwa yana zaune a bakin ƙofa, ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi, gumi ya jiƙa rigar sanyin. Na zaci jikinsa ne ba daɗi. Ashe yana jin Auta a ciki tana dawo da komai daga kwafin ajiya, shi kuma yana hana kansa shiga.

"Da na shiga, hannuna zai riga nata," in ji Baba. "Ta kira ni sau ɗaya, na ce ta faɗa min abin da za ta yi. Daidai ta faɗa. Sai na koma benci."

Manaja ya daɗe yana kallon Auta, sannan ya ce, "Gobe ki same ni a ofis. Maganar kamfani a bar ta."

Baba Mai Sanyi, kai ne mutum na farko da na gani ya yi aiki don a iya tafiyar da wuri ba tare da shi ba. Kai ne ka yarda a riƙa yi maka kallon tsohon da ya gaji, kana zaune a benci, don yarinyar mutane ta tsaya da ƙafarta. Har yau abin bai sake ni ba.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu riƙe da makullai a wuraren aiki, ku dubi na ƙasa da ku, ku koya masa, ku matsa gefe tun kuna nan.

Da safiyar nan na ga Auta ta riga mai shara isowa. Rigar sanyin Baba da ta saka ta yi mata yawa, sai da ta naɗe hannayen.