Rikodar Kunne da Sunan da Ba Na Faɗa

Kaka ce, amma a shekarar nan ba ta yi kama da kaka ba. Taki ya yi wuya tun farkon damina, ruwa kuma ya ɗauke masara tana goyo. Abin da muka kwaso daga gona bai kai rabin rumbu ba. Ko sussuka ake yi a ƙauyenmu, can gefen hanyar Tudun Wada, ba ka jin mata suna raha, sai dai ƙarar taɓarya. Maigidana bai daɗe da rasuwa ba, 'yata kuma tana gidan aurenta a Kiru. Mu uku muka rage a gida: ni, da tsohuwa mahaifiyar maigidana, da ɗana na fari, wanda a lokacin gemu ya fara fito masa.

Ɗan fari ne, kuma sunan kakansa aka sa masa, wato mijin tsohuwa. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayawa na dube shi ido cikin ido na yi masa magana ba. Tun daga yaye tsohuwa ce ta goye shi. Ko a ajin yaƙi da jahilci, ranar da malama ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta, na ƙanwarsa na rubuta, na bar layin sama babu komai. Malama ta duba, ta yi murmushi, ta wuce.

Amma muna magana, ni da shi, ta hanyarmu. In na gama abinci sai in ce wa murhu, "Tuwon wani yana hucewa." In ruwa ya ƙare sai in ce wa randa, "Ko masu gidan nan sun daina jin ƙishi ne?" Muryata ba ta da ƙarfi, haka aka halicce ni, amma kunnensa ya saba da ita. Ko a zaure yake, sai in ji motsin bokiti. Shi ma in yana da magana da ni, tsohuwa yake gaya wa, ya ɗan ɗaga murya yadda zan ji. Da haka muka rayu, ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Da amfanin gona ya gaza, sai ya fara zuwa kasuwar Tudun Wada yana yi wa manyan motoci lodin hatsi. A hannun wani direba ya samo abin. 'Yar rikoda ce baƙa, ba ta wuce tafin hannu ba sai kaɗan. Ba ta da lambobi ko allura irin ta rediyo, ba abin da za ka kalla a jikinta, sai madannai a gefe da wata siririyar waya mai kai biyu da ake cusawa a kunne. Wanda ya sa shi kaɗai yake ji. Wannan shi ya fi ba ni mamaki, a ce kiɗa ya zama na mutum ɗaya.

Tsohuwa ce ta fara tare shi. Mijinta take ce masa, irin wasan kaka da jika.

"Maigidana, wannan wane irin takunkumi ne? Ko akuya a baki ake ɗaura mata, kai kuma sai a kunne?"

"Ke tsohuwa ba ki waye ba. Matso ki ji."

Ya cusa mata ɗaya. Ta zabura, ta kaɗe shi.

"Ƙudan zuma ka zuba mini a kai? Je ka, na sake ka."

"Saki ai namiji ne yake yi."

"To na yi yaji. Ka biyo ni da goro."

Ina bayan rumbu ina dariya a cikin mayafi.

Daga nan rikoda ta zama kamar wata gaɓa a jikinsa. Da ita yake zuwa karyar kara, da ita yake gyaran danga. In kaset ya ƙare ba ya danna madannin mayarwa, wai yana cin batir. Sai ya zura biro a ramin kaset yana juyawa a iska. In batir ya yi sanyi ya jera su a kan katanga rana ta gasa su, wani lokaci har ya ɗan cije su. Ranar da zaren kaset ya tsinke, da ƙaro ya liƙe shi, kansa a sunkuye kamar mai ɗinkin hula. Ban ƙi abin ba. Tun rasuwar ubansa ban ga fuskarsa ta sake haka ba.

Sai dai tuwo ya fara hucewa. In ce wa murhu, in sake cewa, shiru. Sai tsohuwa ta jefe shi da ɓawon gyaɗa kafin ya waigo. Na ce a raina, yarinta ce, za ta wuce.

Wata rana da la'asar na ji ya zauna a ƙofar ɗakin tsohuwa, ya ɗaga murya irin wadda ni ake nufi da ita. Direban nan yana neman yaron mota, za su kai masara Kurmi, can kudu, daga can su ɗauko wani kaya. Zai bi shi, amma zai dawo kafin saukar ruwan fari. Tsohuwa ta yi faɗa, ya mai da shi wasa, ta yi kuka, ya ce zai sayo mata zanen amarci. Na san samarin da suka bi hanyar nan ta dajin Falgore suka gangara, na san nawa ne iyayensu suke zaune har yanzu suna sauraren ƙarar mota. Kuma ba wani namiji a gidan sai shi. Abu ɗaya na riƙe: bai taɓa tsallake maganata ba. In na ce kar ya tafi, ba zai tafi ba.

Ana gobe tafiyar, da hantsi, ya fito daga wanka ya zauna a kan turmin da aka kife, tawul a kansa ya sauko har kafaɗa, yana ɗinke hannun jakarsa. Na zo na tsaya nesa kaɗan, na juya masa baya, na fuskanci rumbu kamar ina duba gara. Ban taɓa yi masa doguwar magana irin ta ranar ba.

Na ce, "Gonar nan dai ta wani ce, ubansa ya bar masa. Shekara ɗaya ce ta ɓaci, ba ƙasar ce ta mutu ba. In rabin rumbu ne, mu uku zai kai mu, ni na iya tattali. Tsohuwa ba ta da sauran ƙarfi, in ta kwanta wa zai kama ta? Ni ban taɓa roƙon kowa komai ba a gidan nan. Yau ina roƙo. Kar wani ya hau motar nan."

Na saci kallo ta wutsiyar ido. Kansa yana gyaɗawa a hankali, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Har na ji ya ce, "Uhm." Na koma madafa cike da murna. Ranar dambun zogale na yi masa, na zuba mai ban ji ciwo ba.

Washegari bayan sallar asuba sai ga shi a ƙofar ɗakina, ya durƙusa, jaka a kafaɗa.

"Inna, zan tafi. A sa mini albarka."

Na ɗauka ya ji ni, ya amsa, ya kwana ya sake shawara. Wanda ya ji roƙon uwarsa ya tsallake, me kuma za a ƙara masa? Na dubi bango na ce, "Allah Ya tsare hanya. Allah Ya yi albarka." Na ji takunsa har ya fita zaure.

Sai da rana ta ɗaga tsohuwa ta kira ni, ta miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin tsumma.

"Ga shi, mijin nan nawa ya ce in ba ki. Wai gidan zai yi miki shiru. Jiya ai wuni ya yi da ita, wai bankwana suke. Tun da ya fito wanka take kunnensa, ya rufe da tawul don kar in yi masa tsiya."

Na tsaya da rikoda a hannu. A lokacin motar ta daɗe da wuce Doguwa.

Da ƙyar na koyi sa ta. Kaset ɗaya ne a ciki, kiɗan garaya, shi ne wanda yake ji a ranar. Na riƙa saurare ina neman daidai wurin da ya gyaɗa kai, kamar in na gano shi zan iya gyara wani abu. Ina cikin nema sai na tarar nawa kan ma yana gyaɗawa. Na cire ta na ajiye. Kafin azahar na sake ɗauka.

Haka ta zama tawa. Ina ɓarar gyaɗa tana ƙugu a cikin zane, ina tankaɗe tana kunne. Na koyi juya kaset da tsinken tsintsiya mai kauri, na koyi shanya batir a katanga daidai inda yake jera nasa. In sun yi sanyi muryar mawaƙin takan ja, ta yi kauri, ta koma kamar ta mai jinya, ni kuwa ba na kashewa sai ta tsaya da kanta.

Ruwan fari ya sauka bai dawo ba. Motar ta dawo da wani yaron daban. Maƙwabcinmu ya tambayo mana direban, ya ce a wani gari can Kurmi ya sauka ya bi wata motar, bai san ta ina ba. Na ba da rabin gonar aro, na noma abin da hannuna zai iya. Wata kakar ta zagayo. Har yau da nake rubuta wannan, ba wanda ya zo ya ce mini ya gan shi, a raye ko a mace.

A kakar ta biyu ne, wata rana da yamma, ina zaune a tsakar gida ina ɓarar masara, rikoda a kunne, na ƙure ƙararta. Sai na ji sunan ɗana ya zo mini baki. Na ce a raina, ai ko ni ba zan ji ba, bari in faɗa sau ɗaya a hankali. Na faɗa. Ban san cewa mai abin nan a kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa ba. Kaji suka watse. Na ɗaga kai na ga tsohuwa a ƙofar ɗakinta, ta dafa bango, bakinta yana motsi. Na zare wayar.

"Wa kika kira?" ta ce. "Nawa ko naki?"

Ita ma tun tana amarya ba ta taɓa faɗar sunan nan ba. Na rufe fuska da mayafi. Ta lallaɓo ta zauna kusa da ni a kan tabarma, ta ɗauki masara ɗaya tana juyawa, ba ta ɓare ba.

"Ashe kina da murya," ta ce. "Har bakin hanya an ji ki."

Mu biyu mun san ranar da ya kamata a ji muryar nan.

Washegari ranar kasuwa ce. Na dama wa tsohuwa koko, na jera batir a katanga, na yafa mayafi na taka har inda manyan motoci suke lodi. Na tsaya a gaban direbobi da yaransu, na gaishe su, na faɗi sunan ɗana a fili, na haɗa da na ubansa. Suka dubi juna. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Baba, masu wannan suna suna da yawa a hanyar nan. Mu da laƙabi muke sanin yaro. Me ake ce masa a tasha?"

Ban sani ba. Na yi masa godiya, na matsa wajen mota ta gaba, na sake faɗa.