Wuyan Jikarsa a Talabijin

Jiya a nan garinmu, a Kasuwar Libiya, na ji waƙar jikar Jiddo tana tashi daga wayar wani mai rakasha, keken nan mai ƙafa uku, sai na tsaya ina saurare.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Umbadda, tsoho Kirista, shi ke koyar da mawaƙan cocinsu. Jiddo muke ce masa, wato kaka. Talabijin ɗinsa ya girmi babana, sai an mare shi sau uku yake kawo hoto. Duk mawaƙin da ya fito, Jiddo zai ja tsaki ya ce, "Wannan a cocinmu ko shara ba za a ba shi ba."

Ranar da jikarsa ta fito a gasar waƙa, rabin unguwa muka cushe a ɗakinsa, ƙamshin gahawa da citta ya cika ko'ina. Na ce, "To Jiddo, wannan fa? A miƙa mata tsintsiya?"

Bai yi dariya ba. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana duba wuyanta. Sarƙar gicciyen da ya saya mata ba ta nan. An ce mata ta cire kafin ta hau dandamali, ta cire.

A hankali ya ce, "Muryar dai tamu ce."

Ya rasu ana tsakiyar yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu. Hanyar maƙabarta a rufe, babana da maƙwabta suka binne shi a tsakar gidansa, babu mawaƙin coci ko ɗaya. Ita tana Masar, tun ranar gasar ba su sake magana ba.

Allah Ya sa ya yafe mata kafin ya cika.