Keke Mai Sifirin a Tsakiya

Da facin taya na fara. Bokitin ruwa da famfo da gwangwanin gam, a gefen titin da ke gangarawa zuwa babbar kwatar da ta raba unguwar Nima da ta Mamobi. Daga faci na koma gyara, daga gyara na koma sayen mataccen keke in tayar da shi in sayar. Lokacin da 'yan'uwanmu na Jamus da Holan suka fara aiko da kwantena cike da kayan da Turawa suka gaji da su, waɗanda muke kira homyus, ina cikin waɗanda suke zuwa su tsaya tun kafin a buɗe ƙofa.

Abin da ya raba ni da sauran dillalai kunne ne. A tsohon keke, taya da birki da sarƙa duk ana sauya su, amma in firam ya tsage magana ta ƙare, kuma tsaga ta iya ɓuya a ƙarƙashin fenti. To ni sai in ɗaga keken da hannun hagu, in buga wa bututunsa uku sifana, in kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da dogon sauti. Wanda ya tsage ɗan guntun tari yake yi ya yi shiru. Shekara da shekaru ban taɓa kuskure ba, ko kuma waɗanda na yi wa kuskuren ba su dawo sun faɗa mini ba. Har ta kai mutum ya sayi keke a can unguwar Madina, a bayan gari, ya turo shi Nima don in ƙwanƙwasa masa kafin ya hau. Wasu na cewa akwai abin da aka ba ni a arewa. Ban taɓa cewa akwai ba, ban kuma taɓa gardama ba.

Rumfata tana jingine da katangar wani dattijo ɗan kasuwar goro, asalinsa Basakkwace, duk layin Baba Alhaji muke ce masa. Shi ya ba ni wurin tun ina faci, kuma a duk Nima babu kusurwar da ta fi ta mutane. Mutum ne mai jiki, in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya dafa ƙasa. Yana fama da basir. Kowa ya sani, don mun ga yadda yake zama da ɓari ɗaya a masallaci, amma shi sunan da ya raɗa wa ciwon “gajiyar tafiya”, mu ma haka muke gaishe shi. Ciwon ya raba shi da baƙin kekensa na Ingila, wanda da shi yake zuwa rumfar goronsa a can ƙetaren kwata. Ya koma shiga trotro, ƙaramar motar haya, inda babu wanda ya damu da Makka ya je ko bai je ba, a matse shi tsakanin mai kifi da mai kwandon tumatir.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wani boga, wato ɗan ƙasa da ya daɗe a Jamus har ya dawo da sarƙa a wuya, ya buɗe kwantenarsa. A cikin tsibin kekunan akwai wani da ban taɓa ganin irinsa ba. Bututunsa kauri kamar rake, amma da yatsa biyu kana ɗaga shi. Gabansa yana da sifirin irin na babur, sannan a tsakiyar cikinsa, ƙarƙashin sirdi, ga wani jan sifirin. In ka danna sirdin sai bayan keken ya lanƙwashe kamar zai durƙusa, ka saki ya miƙe. Bogan ya ce da shi Turawa suke hawa dutse su sauko a guje, ba don suna da wani aiki a saman dutsen ba.

Na ɗaga shi na buga sifana. Ya ce ƙof, kamar na bugi kwali. Na buga bututu na biyu, ƙof. Na uku ma haka. A ƙa'idata wannan gawa ce. Amma ban taɓa ganin keken da ya tsage a wuri uku yana sheƙi haka ba, sai na gane cewa ba ƙarfen da na sani ba ne, alminiyam ne, kuma kunnena bai san yarensa ba. Dillalai biyar ko shida suna tsaye a bayana suna kallon fuskata, don sun saba in na ajiye keke su ma su ajiye, in na riƙe su yi ta wawa. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba. Sai na sake bugawa, na lumshe ido, na gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya ji labari mai daɗi. Na saya.

Kwana biyu yana rataye a rumfa, mutane na zuwa suna danna sirdin suna dariya. Rana ta uku Baba Alhaji ya fito, ya danna da tafin hannu, ya sake dannawa. Can ya tattare babbar rigarsa ya ce in sauko da shi. Ya hau ya nufi layin da ya fi kowane ramuka, muna kallon bayansa yana sama yana ƙasa a hankali kamar yana kan ruwa. Da ya dawo fuskarsa ta mutumin da aka yafe wa zunubi ce. Ya ce wannan ba keke ba ne, katifa ce aka sa wa taya.

Sannan ya dube ni.

“Ɗana, ka ƙwanƙwasa shi?”

“Na ƙwanƙwasa, Baba.”

“Me ya ce?”

“Lafiya lau.”

Bai ƙara tambayar komai ba. Da wani ne ya sayar masa da sai ya kawo mini in duba, to ni ne na sayar, wa zai kai wa?

A wurinmu ba a hawan keke tsirara. Duk wanda ya sayi keke yana son sa, sai ya naɗe firam ɗin da tef mai launi daga wuya har wutsiya don kada fenti ya kuje, fentin da daga ranar ba zai sake ganinsa ba har abada. Baba Alhaji ya sa aka naɗe nasa da kore da fari, zagaye bisa zagaye, har gindin sifirin. Aka sa madubi biyu, da ƙararrawa, da furen roba a gaba, da buzun rago a kan sirdi. Keken hawa dutse ya musulunta.

Kullum da safe zai wuce gaban rumfata, ya kaɗa ƙararrawa, ya saki birki ya gangara ba tare da ya taka feda ba, iska ta cika rigarsa. A ƙasan gangaren akwai 'yar gadar kwata, da wani tudun siminti a bakinta wanda kowane mai keke yake rage gudu saboda shi. Baba Alhaji ya daina ragewa, ai sifirin yana shanyewa.

Bayan wata ɗaya da wani abu keken ya fara kuka. Ƙiƙ, ƙiƙ, duk lokacin da bayansa ya lanƙwashe. Na zuba wa sifirin mai, na zuba wa kusoshin da bayan ke juyawa a kansu, na ɗaure sirdi. Kukan bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Shi Baba Alhaji ko a jikinsa, cewa ya yi keken yana tasbihi ne. Ni kuwa duk safiya in ya saki birki sai in ajiye abin da ke hannuna in bi shi da ido har ya haye gadar. Na san abin da ke cikin kwatar nan, na kuma san ƙashin mutumin da ya haura sittin ba ya haɗuwa da wuri, in ma ya haɗu. Kuma a kan maganata yake gangarawa.

A Mamobi akwai wani mutumin Mosi da yake narka tarkacen alminiyam yana zuba tukwane. Na je na same shi a bakin wutarsa, na fara zagaye-zagaye, wai wani abokina ne yake tambaya. Ya ce ai duk Mamobi an ga abokin nawa yana saukowa da furen roba. Da na gaya masa yadda na gwada keken, sai da ya ajiye ludayinsa don ya yi dariya da kyau.

“Masta, wannan ƙarfe ba ya magana da mutum,” ya ce da Hausarsa ta zango. “Ya yi shiru, ya yi shiru, rana ɗaya ya raba biyu.”

Ya ce baƙin ƙarfe yana lanƙwasa ya ba ka labari kafin ya karye, alminiyam kuwa ba ya sallama. Ya koya mini yadda suke kama tukunyar da ta tsage: a wanke wurin, a shafa kananzir a bar shi ya shiga, a goge tas, a barbaɗa garin alli, a ajiye a rana. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ja layi a kan allin. Ya ce in duba inda aka yi walda, musamman kusa da inda bayan keken ke juyawa.

Aikin ba wuya, sai dai dole a cire tef. Na so in yi shi a ɓoye, in naɗe abina in mayar. Na ce wa Baba Alhaji ya bar mini keken wuni ɗaya in yi masa sabis. Ya ce to. Ya kawo shi da hantsi, ya kawo rediyonsa, ya zauna a bencina da ɓari ɗaya ya ce zai jira. Inda Baba Alhaji ya zauna kuwa mutane suna taruwa. Kafin in ɗauko reza, ga tela, ga mai shayi, ga dillalai biyu daga cikin waɗanda suka tsaya a bayana ranar kwantena.

Na tsaya da rezar a hannu na ɗan lokaci. Ina iya zuba mai in ce an gama. Sai na durƙusa na tsaga tef ɗin daga gindin sirdi zuwa ƙasa.

“Kai, kaciya za ka yi masa?” in ji Baba Alhaji.

Na ce dubawa zan yi. Ya ce me za a duba a keken da aka riga aka ƙwanƙwasa? A ƙarƙashin tef, daidai inda bayan keken ya haɗu da firam, akwai wata tsohuwar sitika da keken ya zo da ita daga Jamus. Na ɓare ta, na wanke, na shafa kananzir, na goge, na barbaɗa alli, na jingine keken a rana. Tela ya tambaya ko sabon asiri ne. Mai shayi ya ce a'a, kwalliyar amarya ce.

Ba a daɗe ba layin ya fito. Siriri kamar gashi, ya taso daga bakin waldar ya zagaye fiye da rabin bututun. Kowa ya matso ya gani. Baba Alhaji ya kashe rediyo.

“Ka ce ka ƙwanƙwasa.”

“Na ƙwanƙwasa, Baba.”

“Ka ce ya ce lafiya.”

“Bai ce komai ba. Ni na ce.”

Dillalan nan biyu suka dubi juna. Na san kafin la'asar labarin ya isa Madina.

Na ɗauka zai yi faɗa a kan ƙaryar. Sai ya ce a kira mai walda. Mai walda ya zo ya duba, ya ce sandar waldarsa ba ta kama alminiyam, in ya matsa sai dai ya huda shi. Baba Alhaji ya ce to a mayar da tef. Ya ce jiya da wannan tsagar ya je ya dawo, shekaranjiya ma haka, kuma ganin da muka yi mata bai ƙara mata tsawo ba. Zai riƙa tafiya a hankali. Na ce zan ba shi kowane keke yake so a rumfar, in sa masa soso mai kauri a sirdi. Ya ce ya gwada soso tun kafin in iya faci. A nan ne na ga idonsa, na gane ba gardamar tsufa ba ce kawai. Mutumin ya samu wata biyu yana zuwa kasuwa ba tare da ya cije baki ba, kuma ba ya son komawa. Ya miƙe zai kama kan keken.

Na riga shi. Na kwantar da keken a ƙasa, na taka firam da ƙafa ɗaya, na kama tayar baya da hannu biyu na ja sama. Ban sa rabin ƙarfina ba. Ya ce tas, bayan keken ya biyo hannuna, jan sifirin ya yi lilo, furen roba ya faɗa cikin bokitin faci.

Babu wanda ya yi dariya, har tela. Baba Alhaji ya daɗe yana kallon ɓarin biyu. Ya sunkuya da ƙyar ya cire buzunsa daga sirdi, ya ɗauki rediyo, ya ce in kwashe rumfata daga jikin katangarsa kafin Juma'a. Bai ɗaga murya ba.

Na aika limami ya ba shi haƙuri, ya ce ya haƙura, amma in kwashe. Ban taɓa sanin wanne ya fi yi masa ciwo ba, ƙaryar, ko keken, ko kuwa yadda na karya shi a gaban mai shayi. Wurin da na samu yana can ƙasa, dab da gadar, inda warin kwata ke shiga har cikin shayi. Masu kawo keke a ƙwanƙwasa suka ɗauke ƙafa, sai da aka jima wasu suka fara dawowa, su ma don su ga yadda ake yi da alli ne.

Ranar Alhamis ɗin da na kwashe, ina ɗora kwanon rufin rumfa a kan kura, wata maƙwabciya ta zo da kwano a rufe ta ajiye a gefena. Tuwo ne da miyar ayoyo, har da nama. Ta ce Hajiyar Baba Alhaji ce ta aiko, kuma ta ce in dawo da kwanon ta ƙofar baya, kada ya gani.