Ranar da Gidan Alhaji Bube Ya Yi Rarrafe

Na manta ranaku da yawa a shekarun da na yi ina aikin duba-gari, amma akwai wata Laraba ta farkon damina da ba ta taɓa fita raina ba. Shekarata ta uku ke nan da aka ɗauke ni daga Bodinga aka kai ni Shagari. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, bari in gaya muku yadda muke yi a lokacin. Idan za mu zaga wani ƙauye, sai mu aika wa mai unguwa tun ana gobe. Washegari mu iso da kaki da littafi, mu duba salga da kwata da randa da juji. Gidan da muka tarar da ƙazanta mu ba shi takardar gargaɗi, abin da muka ga yana da haɗari kuma mu kwashe mu tafi da shi. Saboda haka kafin mu iso an share ko'ina, har awaki sai an ja musu kunne.

A ƙauyukan da ke hannuna babu gidan da ya kai na Alhaji Bube tsabta. Dattijo ne manomin albasa, da 'ya'yansa maza huɗu da iyalansu duk a gida ɗaya. Sau biyu ina duba gidan ina rubuta babu laifi, har da shi nake yi wa sauran magidanta gori.

Sai ga Malama Rakiya, mai kula da ƙaramin asibitin ƙauyen, ta tare ni a bakin hanya.

Ta ce, "Malam Isa, jikanyar Alhaji Bube, Hajo, sau biyu anka kawo min ita tana amai, miyau na zuba. Na biyun da ƙyar numfashinta ya daidaita. Akwai abin da taka ci cikin gidan ga. In anka kawo ta na ukku, ban san abin da zan ce ma uwarta ba."

Raina ya ɓaci, don ji na yi kamar littafina take ƙaryatawa. Amma yarinya 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni ba ta amai don ta ci mutuncin duba-gari. Sai na tuna wata bita da aka yi mana a Bodinga, inda wata malama ta ce duk mai son ya san haɗarin da ke gida ga ƙaramin yaro, to ya sauka bisa gwiwoyinsa ya yi rarrafe, ya ga gidan daga inda yaron yake ganinsa. Ranar bitar ni na fi kowa dariya. Yanzu kuwa ba ni da wata dabarar sai ita.

Na je wurin shugaban sashenmu na ce, "Ranka shi daɗe, rarrafe za ni yi gidan Alhaji Bube."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da kakin gwamnati?"

"Da shi, ranka shi daɗe."

"To, tahi. Amma kak ka bari a ɗauke ka hoto."

Kamar yadda doka ta ce, na aika wa mai unguwa tun ranar Talata. Laraba da hantsi muka yi sallama ni da shi, Alhaji ya yi mana iso har tsakar gida, 'ya'yansa huɗu suna biye. Gida ƙal, ko tsinke babu. Na ajiye littafi, na naɗe ƙafar wando, na durƙusa.

Alhaji ya ce, "Yaro, ai mun gaisa tun a zaure. Tashi."

Na ce, "Baba Alhaji, ba gaisuwa ba ta, aiki na. So nika yi in ga gidan ga yadda Hajo ka ganin shi."

Ya ja gemu. Ya ce, "Ma'aikacin hukuma shi yi rarrafe cikin gidana ni ina tsaye? Gobe a ce Bube ya sa gwamnati ta duƙa mai? In rarrafen na, tare za mu yi shi."

Na roƙe shi, mai unguwa ya roƙe shi, ya ƙi. Ya cire hula ya miƙa wa ɗansa Sanusi, uban Hajo, ya tattare babbar riga, ya yi bisimilla ya sauka, gwiwoyinsa suna ƙara kamar ana karya kara.

To, kun san a wurinmu ɗa ba ya barin kansa ya fi na mahaifinsa bisa. 'Ya'yan nan huɗu suka tsuguna, suka ga har yanzu sun ɗara shi. Suka durƙusa, ba ta canza ba. Sai suka sauka bisa gwiwar hannu. Mai unguwa kuwa 'yar Alhaji yake aure, saboda haka shi dole ya fi kowa ƙasa, rawaninsa har yana shara. Matan gidan da ke leƙe ta ƙofofi duk suka zube zaune. Uwargida, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta ce ita ba ta iyawa, sai ta jawo tabarma ta kishingiɗa don kada a ce ta tsaya a kan maigida.

Haka muka kama hanya, Alhaji a gaba, ni a gefensa ɗan baya kaɗan, sauran suna biye bisa tsarin haihuwa. Muna tsakiyar fili sai ga maƙwabcinsu Malam Dodo ya shigo aron galma. Ya ga Alhaji a ƙasa, bai tambayi kowa ba ya tuɓe takalmi ya shiga sahu. Da ya matso kusa da ni ya yi raɗa, "Malam Isa, mi muka biɗa?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Ya ce, "To, Allah shi sa mu gani." Ya ci gaba da rarrafensa.

Akwai wani rago da ake kiwo a gidan. Ganin mai unguwa da ƙafa huɗu da farin rawani, sai ya ɗauka an kawo masa abokin karo. Ya ja da baya ya zo ya ba shi a kwiɓi. Mai unguwa ba halin tashi ya gudu, sai ya ce cikin ladabi, "Sanusi, don Allah ka yi ma ragon ga magana."

Ni dariya nake dannewa, amma abin da idona ya fara gani ya kashe ta. Daga ƙasa, ba gidan da na sani ba ne. A ƙarƙashin benci ga kwalbar kananzir. Bayan randa ga reza da tsofaffin batura a cikin ƙoƙo. Abin da ya ɗaure mini kai, babu ƙura ko yanar gizo a kansu, alamar ba su daɗe a wurin ba.

A duk gidan mutum ɗaya ke tsaye, ita ce Hajo, wadda ba ta daɗe da koyon tafiya ba. Ta dube mu ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka wasa aka zo yi mata. Ta sauka ita ma ta shiga gaba da gudun rarrafe, ta nufi rumbu. Rumbun ƙasa ne da aka ɗora bisa duwatsu, ƙarƙashinsa ba mai shiga sai kaza da yaro. Ta kutsa kai kamar wadda ta saba, ta fito da gwangwanin madara ba murfi, cike da jar hoda. Ta zauna ta cusa hannu ciki.

Kowa ya gani, kuma ba wanda ya motsa, domin Alhaji ne a gaba kuma ba a wuce shi. Shi kuwa yana jan gwiwa iya ƙarfinsa, amma tsufa ya hana. Sanusi yana bayansa yana cewa, "Baba, Baba," ya kasa gaba. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, na tsaya neman hanyar da zan kewaye dattijo ba tare da na bangaje shi ba.

Uwar yarinyar, Saratu, ita ta tashi. Hajo 'yar farinta ce, ba a taɓa jin ta kira sunanta ba, kuma ba ta taɓa wuce surukinta a tsaye ba. Ta taho a guje, ta tsallake mai unguwa, ta tsallake ƙafafun Alhaji, ta ƙwalla ihu, "Hajo!" ta buge gwangwanin daga hannunta. Yatsun yarinyar sun yi ja, saura kaɗan su kai baki.

Aka wanke mata hannu da sabulu, Sanusi ya ɗauke su a babur zuwa wurin Malama Rakiya. Alhaji bai tashi ba. Ya jawo gwangwanin yana kallo.

Ya ce, "Maganin iri na, wanda muka cuɗa gero da shi kahin shuka. Bisa katanga shika zama, inda ko Sanusi sai ya taka turmi. In anka ce duba-gari na tahe, ni ka cewa a sauko da shi a tura ƙarƙashin rumbu, don kak ka gani ka ɗauke. In ka tahi, sai wanshekare a tuna a maida." Ya ɗago ido, hawaye na bin gemunsa. "Ashe ni ka ba ta?"

Na tashi na bi bayan su Sanusi. Da na isa asibiti na tarar yarinyar lafiya lau, sai na roƙi Malama Rakiya ta nuna mini katinta, na ɗora kusa da littafina. Duka ranaku biyun da aka kawo Hajo, ranakun da na duba gidan ne na rubuta babu laifi. Na zauna a bencin marasa lafiya, kunya da tsoro suka rufe ni, har sai da ta tambaye ni ko ni ma ruwa za a ƙara mini.

Ban ba gidan takardar gargaɗi ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yan kafinta ne, ya buga akwati mai kwaɗo can sama a bangon zaure, aka tattara maganin da kananzir da reza aka kulle. Daga nan na bi sauran gidajen da na taɓa yabawa ɗaya bayan ɗaya, na rantse musu ba zan ɗauki ko allura ba, su nuna mini inda suke ɓoye kaya idan zan zo. Da farko suka yi ta musu, daga baya suka riƙa nunawa suna dariya. Ko gida ɗaya ban samu wanda ke ɓoyewa a sama ba.

Abin da na koya ke nan game da aikinmu da mutanenmu. Suna son 'ya'yansu fiye da yadda muke son su, amma idan suna tsoronka, inda idonka ba ya kaiwa za su tura abin da ba sa son ka gani, kuma nan ne hannun yaro yake kaiwa. Saboda haka idan kun shiga gida mai ƙaramin yaro kuka tarar da shi ƙal, kada ku yi saurin buɗe littafi. Ku fara tambayar matar gida ina aka kai kayan da safe.