Ka Zo Alhamis, Na Ce Maka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ƙanwarka ta kira ni ina bakin aiki, ta ce an same ka a shago, kanka kife a kan keken ɗinki, rai ya yi halinsa.

Tela, shekara biyu ke nan da aka kawo ka sashenmu na masu daina ƙwaya, jikinka na karkarwa, kana kiran kanka lalatacce. Na nuna maka hoton ƙwaƙwalwa, na ce ƙwaya ce ta karkatar da hanyoyinta na jin daɗi, kuma da magani da haƙuri tana gyaruwa. Ka daɗe kana kallonsa, sannan ka ce, "Sista, ashe rashin kan gadon nawa har da hoto."

Bayan an sallame ka, ba ka taɓa fashin zaman da muke yi da masu dainawa duk Alhamis ba. Kai ka ɗinka mana labulen ɗakin maza. Sabon majinyaci in ya shiga kwana na uku, ga amai ga ciwon ƙashi, kai kake riƙe masa bokiti. Na ji ka kana lallashin wata uwa da ta zo da niyyar tsine wa ɗanta: "Mama, ciwo ne. Ni ma nan gadon na kwanta."

Ranar Litinin ka kira ni. Ka ce wani tsohon abokin shanka ya kawo ɗinki, tun da ya fita bakinka ke tara yawu. Ni ce nake koyar da cewa fuska ko wari na iya tayar da sha'awar ƙwaya bayan shekaru, kuma jikin da ya daina ba ya ɗaukar abin da ya saba sha a da. Na sani. Amma layin majinyata na ƙofata, na ce, "Ka daure, ka zo Alhamis."

Ka ce, "To, Allah Ya kai mu."

Yanzu duk wanda ya kira, a ranar muke ganinsa. Sai dai har yau in wayar ofis ta yi ƙara, muryarka nake jira.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa hidimarka ta bi ka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba mahaifiyarka da matarka da 'yan matanka biyu haƙurin wannan rashi. Ni kuma, Ya yafe mini kwana ukun nan.